Damin Iri a Falon Ummusalma

Duk unguwarsu a Ƙaura Namoda, gidan Alhaji Abdulrashid mai manyan motoci ne kaɗai ke da murhu a falo. Ba murhun girki ba. Murhu ne irin na ƙasashen sanyi, wanda ake fafe wa wuri a jikin bango, a zagaye shi da jan bulo, a ɗora masa doguwar kantar katako daga sama. Matarsa Ummusalma ce ta gan shi a waya lokacin da ake ginin gidan, ta kafe sai an yi mata. Maginin ya kalli hoton, ya kalle ta, ya tambaya ta ina hayaƙin zai fita. Ta ce babu hayaƙi, don babu wutar da za a hura. Ya ce to amfanin me zai yi. Daga ranar ba ta ƙara yi masa magana baki da baki ba, sai dai ta aiki Alhaji.

Haifaffiyar Zurmi ce, amma in aka tambaye ta sai ta ce, "Mun ɗan zauna a can." Ta yi karatu a Kano, ta dawo da bakin Kanawa, ta riƙe shi gam kamar takardar shaida. Tana sayar da abaya da turaren wuta ta waya, kuma ta yi imani cewa rabin cinikin yana cikin hoton da aka ɗauki kayan. A gaban murhun nan take ɗaukar hotunanta.

Matan unguwa sun sha ba ta haushi a kansa. Wata ta leƙa cikin ramin ta ce ai kaza za ta ji daɗin kwanci a nan. Wata tsohuwa ta ɗauka wurin tsayuwar liman ne, ta yi mamakin yadda aka kuskure gabas. Ummusalma takan yi musu murmushi da leɓe kawai. In sun fita ta sa a goge kujerun da suka zauna, tana faɗa a ranta cewa Allah ya jarrabe ta da zama cikin mutanen da ko a mafarki ba su taɓa wuce Gusau ba.

Da kaka ta shigo, hotuna suka fara cika mata waya. Matan wasu ƙasashe suna jera kayan gona a kan kantar murhunsu: kabewa manya da ƙanana, busassun ganye ja da ruwan ɗorawa, zangarkun alkama a tsaye cikin tulu, kyandir a gefe. Ta daɗe tana kallo. Abin da ya fi ba ta takaici shi ne, duk wannan tarkacen akwai shi a nan, a zube a kowace kasuwa, amma ba wanda ya taɓa tunanin yin wani abu da shi sai dai a zuba a tukunya. Mutanen nan, in ji ta, komai suka gani ciki suke kai shi.

Ta yanke shawarar haɗa taron mata don nuna sababbin kayan da suka iso mata. Za ta gayyaci Hajiya Laila daga Gusau, matar wani babban ɗan kwangila, wadda in ta sa abaya yau, gobe matan ma'aikata sun fara nemanta. Ummusalma ba ta son Hajiya Laila ko kaɗan. Tana ganin ta fiye yawan gwal da ƙarancin kai. Amma tana son ta shigo falon nan ta tsaya cak.

Ranar kasuwar Shinkafi Alhaji zai je duba motocinsa da ke lodin dabbobi. Ta tare shi yana karyawa.

"Alhaji, akwai saƙo. Kabewa nake so, amma ba kowace ba. Mai tsaga-tsaga a jiki, wadda ta nuna ta yi ja. Da duma ƙanana masu dogon wuya. Da goruba, da 'ya'yan kuka da ba a fasa ba, da jan barkono a igiyarsa, da zoborodo."

"Miyar taushe za a yi ko biki?"

"Ado zan yi."

Ya ajiye kofin shayi. "Ado da kabewa?"

"A kan murhu."

Alhaji Abdulrashid mutum ne da ya fara da kwandasta, ya daɗe da gane cewa gardama da matarsa ta fi gyaran gambun mota tsada. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce Allah ya kyauta, da yamma kuma ya dawo da buhu cike. Ya ce mai kabewar ya tambaye shi me ya sa yake juya kowace yana duba ta kamar mai zaɓen amarya, shi kuma ya ji kunyar faɗin gaskiya, ya ce maganin hawan jini aka ce ya nemo.

Ta jera su a ranar. Ta ja da baya ta duba, ta sake jerawa. Kabewa ta zauna daidai, duman sun yi kyau, barkonon ya sauko ta gefe kamar sarƙa. Amma duk abin a kwance yake, a durƙushe. A hotunan akwai abin da ke tashi sama, ya buɗe kamar fiffike. Nan wurin zangarniya ne. Ta sa aka kawo mata gero daga kasuwar Ƙaura. Aka kawo guntaye, sirara, tsuntsu ya tsattsage kawunansu. Ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu ta sake ta a ƙasa.

A nan ta tuna geron mahaifinsu. Zangarniyarsa kan kai tsawon hannun babban mutum, ta cika tam tun daga gindi har ƙarshe, launinta kamar zuma. Tana yarinya ta tsani geron nan, don ita ake sa wa koran tsuntsaye a gonar. Ta san inda yake har yanzu: gidan yayarta Yalwa, a Zurmi.

Yalwa ta girme ta nesa ba kusa ba. Da mahaifiyarsu ta rasu, ita ta goye ta, ta yaye ta, ta tafi da ita gidan mijinta Labbo, a can ta girma har aka tura ta makaranta. Ummusalma ba ta musun wannan. Tana dai ganin abu ne da ya wuce, kuma ta biya shi da atamfar sallah da take aikawa.

Ta tafi da sassafe da direban Alhaji, don hanyar ba ta son yamma. Tun daga zaure warin tumaki ya tare ta. Ta ɗage gefen mayafinta, tana zaɓen inda za ta taka. Yalwa tana tsakar gida tana sheƙar wake. Da ta ɗago ta gan ta, sai ta saki faifan.

"Lale! Lale da Auta! Yau mi ya faru? Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Yaya. Zumunci ne."

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura a ƙwarya. Ummusalma ta kai ta baki, ta ajiye ba tare da ta haɗiya ba. Yalwa ta tsufa fiye da shekarunta, hannuwanta sun yi kaushi, dugaduganta sun tsage. Tana ta ba da labari: wance ta haihu, wane ya koma Gusau da iyalinsa, su ma bana ba su taka babbar gonarsu ba, don ba mai iya zuwa can ya dawo da tabbas, sai 'yar ƙaramar da ke bakin gari suka noma. Ummusalma tana cewa "Allah sarki" a inda ya kamata, idonta yana yawo.

Ta hango shi a rataye cikin rumfa, can sama kusa da jinka, inda hayaƙin girki ke ratsawa. Dami guda, an ɗaure shi da kaba. Ko daga nesa ana ganin ba sa'an sauran ba ne.

"Yaya, gero nake so. Na zangarniya."

"Ga rumbu can, ɗebi abin da kike so. Ba shi da yawa bana, amma ba mu hana ki."

"Ba na rumbu ba. Wancan."

Yalwa ta bi yatsanta da kallo, ta yi dariya. "A'a, wanga iri ne. Ni da Malam Labbo muka bi gona kai ɗaya-ɗaya muna zaɓe. Shi za mu shuka baɗi in Allah ya kai mu."

"Ai ba ci zan yi ba. Ajiyewa zan yi a falo, baƙi su gani, in dawo miki da shi."

"Su gani? Ba su taɓa ganin hatsi ba?"

Ummusalma ta fito da waya ta nuna mata hoton. Yalwa ta riƙe ta nesa da fuska, ta ƙanƙance ido, ta daɗe tana dubawa.

"Su waɗanga ba su da rumbu ne?"

Ummusalma ta karɓe wayarta. Ta ji abin da take ji kullum in ta zo gidan nan, kamar tana magana da bango. Amma ta san ta inda ake shiga yayarta. Ta sassauta murya, ta sunkuyar da kai, ta ce ita dai tun da ta yi aure ba ta taɓa roƙon komai a gidan nan ba. Ta ce geron Baba ne, ita ma 'yarsa ce, tana so ta nuna wa mutane abin da ubanta ya bari. Da ta ambaci Baba sai ta ga fuskar Yalwa ta canza.

Labbo ya shigo a daidai lokacin, da lauje a kafaɗa. Dattijo ne marar yawan magana. Aka faɗa masa. Ya kalli damin, ya kalli matarsa.

"Shi ke nan gare mu," ya ce. "Wanda ke rumbu ya gauraya da na maƙwabta."

"Ta ce za ta maido," in ji Yalwa. "Ɗiyata ce, Malam."

Ya ɗauko turmi ya taka, ya kwance damin da kansa. Yalwa ta naɗe shi da tsohon zanenta, ta rungumo shi har bakin mota, tana faɗa tana maimaitawa: kar ruwa ya taɓa shi, kar a ajiye shi a ƙasa, kar a bar ɓera ya kai gare shi. Ummusalma tana cewa to, to, tana duba agogon wayarta. Da motar ta tashi ta sa direba ya sauke gilashi, don zanen yana warin hayaƙi.

A gida ta baza zangarkun a kan tayil. Sun fi yadda take tunawa kyau. Tana cikin jujjuya su sai ta ga wani ɗan ƙwaro ya fito daga ɗaya, ya bi ta kan farar tayil ɗinta. Ta hango shi yana tafiya a kan abayar Hajiya Laila.

Matan da take kallo a waya sun riga sun yi maganin wannan. Duk abin da aka tsinto daga daji ko gona, in ji su, a fara saka shi a obin ya gasu sama-sama, ƙwari da ƙwayayensu su mutu, sannan a fesa masa fenti mai sheƙi don kar ya riƙa zuba. Ta tuna maganar Yalwa, ba wai ta manta ba. Amma Yalwa ruwa ta ce, da ƙasa, da ɓera. Ba ta ce wuta ba. Kuma ko ta faɗa, me Yalwa ta sani game da obin? Matar da har yau da kara take girki.

Zangarkun sun fi obin ɗin tsawo, sai ta riƙa saka su a karkace, kashi-kashi. Kicin ya cika da wani ƙamshi mai daɗi, wanda ta sani tun tana yarinya, ta kunna fankar da ke zuƙe iska. Da suka huce ta kai su bayan gida ta jingina a bango, ta feshe su har suka riƙa ɗaukar ido.

Gaskiya abin ya yi kyau. Ta samo tuluna biyu na jar ƙasa ta kafa a ƙarshen kantar, dama da hagu, ta cika su da dogayen zangarkun, suka tashi sama suka baje. A tsakiya ta ajiye babbar kabewar, ta jingina mata ƙananan duman. Ta zuba goruba a akushi, ta watsa zoborodo tsakanin kayan kamar jan fure. 'Ya'yan kuka ta rataye su da zare, barkonon ya bi gefen katakon ya sauko. A cikin ramin murhun, inda wuta ya kamata ta kasance, ta tara guntayen itacen marke da aka kankare, ta kunna kyandir a bayansu. Alhaji ya shigo ya tsaya, hularsa a hannu.

"Wallahi kamar gaske," ya ce. Ita ba ta san abin da yake nufi ba, shi ma ba ta jin ya sani.

Ranar taro falon ya cika. Matan unguwa suka zauna a gefe ɗaya suna satar kallon kantar suna taɓa juna. Ɗaya ta kasa haƙuri ta ce, "Hajiya, wannan kabewar in an gama a tuna da mu." Aka yi dariya. Ummusalma ta yi kamar ba ta ji ba.

Hajiya Laila ta iso a makare, ƙamshinta ya riga ta shigowa. Ta tsaya a gaban murhun, kamar yadda Ummusalma ta yi fata. Ta karkata kai. Ta miƙa yatsa mai zobe ta taɓa zangarniya ɗaya.

"Kai, kin yi ƙoƙari," ta ce. "Na gaske ne ashe. Ni nawa na gidan Abuja daga waje aka kawo min, na roba ne, ba ya tara datti. Amma wannan ma ya yi, ga wanda yake kusa da ƙauye. A ina kika samo?"

"Wasu manoma ne suke kawo min," in ji Ummusalma.

Hajiya Laila ta sa aka ɗauke ta hoto a gaban murhun, ta gefen dama, ta gefen hagu, ta zaɓi abaya ɗaya ba ta ko gwada ba, ta tafi kafin a raba abinci. Ummusalma ta raka ta har mota tana dariya. Da ta juyo fuskarta ta haɗe. Na roba! Matar da ba ta san bambancin ado da tarkacen kanti ba. Amma kafin magariba hoton ya zagaya, saƙonni suka fara shigowa daga Gusau, har da Sakkwato, ana tambayar abayar, ana tambayar wa ya yi adon. Ta amsa kowanne.

Yalwa ta fara kira bayan an kwana biyu, da wayar Labbo. Ummusalma ta ce ai baƙi ba su gama zuwa ba. Ta sake kira, ta ce direba ba ya nan. Daga baya in ta ga lambar sai ta kife wayar. Abin yana ba ta mamaki, yadda mutum zai ɗaga hankalinsa a kan dami ɗaya na gero, alhali damina tana can gaba da nisa.

Wata safiya aka yi sallama a ƙofar falo. Yalwa ce, da mayafinta na zuwa unguwa, takalminta a hannu. An yi rasuwa a dangin Labbo a nan Ƙaura, sun zo gaisuwa, shi yana can wurin zaman makoki, ita ta ce bari ta biyo ta karɓi saƙonta. Alhaji yana falo, ya tashi da sauri ya gaishe ta, ya nuna mata kujera. Ta ƙi, ta zauna a kan kafet.

Ba ta gama amsa gaisuwa ba idonta ya kai kan kantar. Ta miƙe, ta je gaban murhun a hankali.

"Mi aka shafa mai?"

"Ɗan mai ne na sheƙi," in ji Ummusalma. "Ai ya fi kyau haka."

Yalwa ta zaro zangarniya ɗaya daga tulun. Ta murza ta a tafin hannu, ƙwayoyin suka ƙi fita, sun manne. Ta sa farce ta ɓanɓaro kaɗan, ta hure, ta jefa a baki. Ta tauna sau ɗaya. Ta tsaya.

Ta zaro wata daga ɗaya tulun, ta yi mata haka. Ta zaro ta uku.

"Auta," ta ce, ba ta juyo ba. "Wuta kika sa mai?"

"Ba wuta ba ce, Yaya, obin ne. Ƙwari ne a ciki, ni kuma ina da baƙi."

"Duka?"

"To da zan gasa rabi in bar rabi?"

"Kin maishe shi tumu." Muryar Yalwa ba ta tashi ba. "Irin Baba kika gasa awa tumu, kika shafe shi da fenti."

Alhaji ya kalli matarsa. "Iri ne? Ba ki faɗa min iri ba ne."

"Don Allah, Alhaji, kar ka ƙara min. Gero fa ake magana. Gero! Yaya, in iri kike so, gobe a kawo miki buhu daga Gusau, na zamani, wanda masana suka gyara, ya fi wannan sau nawa. Ku kun riƙe abu ɗaya tun zamanin kakanni kamar wani addini. Shi ya sa kuke inda kuke."

Sai a lokacin Yalwa ta juyo. Ummusalma ta shirya wa kuka, ta shirya wa zagi, har ta tanadi amsa. Ba ko ɗaya da ya zo. Yalwa ta dube ta tun daga ɗaurin kallabi har zuwa lallen ƙafa, a hankali, irin duban da take yi wa wake in ta buɗe buhu ta tarar ƙwari sun gama da shi. Ba fushi a ciki. Ummusalma ta san kallon, don ita ma da shi take kallon mutane, amma ba ta taɓa tsammanin yayarta tana da shi ba.

"Hatsin ga yana nuna kafin na kowa," in ji Yalwa. "Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, shi kaɗai ya kai. Da shi na yi miki kunu kina ƙarama. Waɗanda ke da shi a ƙauyenmu sun watse, ban san inda suke ba. Ba don ki sani nike faɗi ba. Na ga ba ki da inda za ki sa shi."

Ta mayar da zangarkun ukun cikin tulu, ta gyara musu tsayuwa yadda ta same su.

"Bar abinki. Ya yi kyau."

Alhaji ya bi ta har ƙofar gida yana ba ta haƙuri, yana cewa a tsaya a ci abinci, a bari direba ya kai su. Ta gode masa da ladabi, ta yi masa addu'a, ta ce motar haya tana nan. An kawo mata ruwa a kofin gilashi tun shigowarta. Yana nan a kan kafet inda aka ajiye shi.

Da ya dawo falo ya daɗe a tsaye.

"Matar nan ita ta goye ki," ya ce.

"To sai me? Na kashe mutum ne? Kai ma ka san halin mutanen ƙauye, abu kaɗan su mai da shi tashin duniya. Kwana biyu za ta huce."

Ya ɗauki makullinsa ya fita. Da ya tashi aika iri, bai shawarce ta ba: ya sa aka nemo mai kyau, ya haɗa da taki, ya ba ɗaya daga cikin direbobinsa ya sauke a Zurmi. Labbo ya karɓa, ya kira shi ya yi godiya mai tsawo. Ummusalma tana zaune a gefe tana jira a ce a ba ta wayar. Aka yi sallama aka kashe.

Kabewar ce ta fara lalacewa, ta zauna ta gindi, ta ɓata katakon. Ummusalma ta kwashe komai ta sa aka zubar, ta jera kwalaben turare a wurin. Cinikinta ya ƙaru a watannin nan. Mata biyu a Ƙaura suka sa aka fasa musu bango aka yi murhu, ta je ta gani, ta dawo tana ba Alhaji labarin yadda suka kwaikwaya ba su iya ba.

Da azumi ya kusa ta aika atamfa Zurmi kamar kullum. Ba a dawo da ita ba, ba a kuma kira an ce an gani ba.

Bayan sallah tana duba waya sai ta ci karo da hoto a shafin wata mai sayen turarenta, 'yar Zurmi. Taron suna ne. Ta gane rumfar, ta gane turmin. Babbar 'yar Yalwa ce ta haihu, ga Yalwa a tsakiya riƙe da jaririyar, mata sun kewaye ta, har da 'yan uwan da ke Shinkafi da Banga, waɗanda sai an yi musu aike suke zuwa. Kowa an faɗa masa.

Ta buɗa hoton da yatsu biyu. Tabarmin duk sun tsufa. An jera kwanonin abinci a ƙasa ba tsari, wata ma ta shigo hoton da rabin fuska. Zanen da Yalwa ta ɗaura tsoho ne, ba atamfar da ta aika ba. Ta ja tsaki. Ko an gayyace ta, in ji ta a ranta, me za ta je ta yi a wannan rana, cikin ƙudaje da warin tumaki.

A ƙarƙashin hoton an rubuta sunan jaririyar. Sunan mahaifiyarsu, ita da Yalwa, aka sa mata.

Alhaji ya leƙo ya ce zai wuce tasha, ko tana da saƙo. Ta ce babu. Ya tambaya me take kallo haka tun ɗazu. Ta ce wani shirme ne na mutanen Zurmi. Ya fita, ta ji tashin motarsa, ta ji an rufe get. Hasken wayar ya mutu a hannunta, ta sake taɓa ta ya dawo.